Dokar Ryan a Karolina ta Kudu: Yaran da Inshora Ta Ɗauka da Waɗanda Ta Tsallake

A shekarar 2007 majalisar dokokin jihar Karolina ta Kudu a Amurka ta amince da ƙudurin da ya wajabta wa kamfanonin inshorar lafiya masu zaman kansu biyan kuɗin kula da yara masu lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Gwamnan lokacin, Mark Sanford, ya hau kujerar na-ƙi. Hujjarsa ita ce duk nauyin da aka ɗora wa kamfanin inshora, mai biyan kuɗin inshora ne zai ɗauke shi a ƙarshe. Washegari majalisun jihar biyu suka yi watsi da ƙin nasa, ƙudurin ya zama doka, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2008. Ana kiranta Dokar Ryan, da sunan ɗan Lorri Unumb, lauyar da ta rubuta daftarin farko a 2005 ta kuma yi shekara biyu tana zarya a majalisa tare da wasu iyaye.

Ba ita ce ta farko ba, Indiyana ta riga ta tun 2001. Amma salon Karolina ta Kudu ne jihohi da dama suka kwaikwaya daga baya, har zuwa 2019 da Tenesi ta cike ta 50. Shi ya sa duk wanda ya fahimci wannan doka, da inda ta yi aiki da inda ta yoye, ya fahimci yawancin 'yan uwanta.

Halin da ake ciki kafin dokar

Abin da ake rigima a kai shi ne horon ɗabi'a da ake kira ABA. Tsari ne da ake kasa kowace ƙwarewa zuwa ƙananan matakai, kamar neman ruwa da baki ko da hoto, shiga ban-ɗaki, jiran layi, ko barin bugun kai da bango, ana koya wa yaro mataki-mataki, ana ƙarfafa masa gwiwa idan ya yi daidai, ana rubuta sakamakon kowane zama. Aikin na mutum ɗaya ne da yaro ɗaya, kuma yana cin awoyi. Binciken da ya ɗaga sunansa shi ne na Ivar Lovaas a 1987, inda aka ba yara 19 horo na kimanin awa 40 a mako, 9 daga cikinsu suka shiga ajin firamare na kowa da kowa ba tare da taimako na musamman ba. Tun daga nan adadin awa 40 ya zauna a kan iyaye da likitoci. Ita kanta Unumb ta sha faɗa a bainar jama'a cewa horon ɗanta yana cin fiye da dala 70,000 a shekara, kuma inshora ba ta biyan ko sisi.

Kamfanonin suna da hanyoyi uku na ƙin biya, kuma duka ukun a rubuce suke cikin takardar yarjejeniya. Wasu sukan sa galahanga ko "matsalolin girma da tasowa" cikin jerin abubuwan da ba sa ɗauka kwata-kwata. Wasu su ce horon har yanzu gwaji ne, ba a tabbatar da shi ba. Na uku, wanda ya fi wuyar karyawa, shi ne cewa wannan aikin makaranta ne, ba na asibiti ba. Da shi ake haɗa wata hujja: inshora tana biyan dawo da ƙwarewar da mutum ya rasa, kamar maganar wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, amma ba ta biyan koyar da ƙwarewar da yaro bai taɓa samu ba. Da wannan ake hana yaro ɗan shekara uku mai koyon magana kuɗin likitan magana. Makarantu kuma nasu aikin a ƙarƙashin dokar tarayya shi ne ba yaro ilimin da ya dace, ba jinya ba. Sai iyaye su tsaya a tsakani, kowane ɓangare yana nuna musu ƙofar ɗayan.

Abin da dokar ta ce

Dokar gajeriya ce, tana sashe na 38-71-280 na kundin dokokin jihar. Ta wajabta biyan kuɗin jinyar da likitan yaro ya rubuta bisa tsarin jinya. Ta hana kamfani ƙin karɓar mutum, ko ƙin sabunta masa yarjejeniya, don kawai yana da galahanga. Ta hana a sa wa wannan jinya sharuɗɗan biya da suka fi na ciwon jiki tsauri, wato kuɗin farko da iyali ke biya daga aljihunsu kafin inshora ta shigo, da kason da suke ɗauka a kowane zuwa.

Sai kuma iyakoki huɗu, waɗanda su ne kuɗin da aka biya kafin 'yan majalisa su yarda. Dole a gano lalurar yaro yana da shekara 8 ko ƙasa da haka. Biyan yana tsayawa idan ya cika shekara 16. Horon ɗabi'a yana da rufi na dala 50,000 a shekara, ana ɗaga shi duk shekara gwargwadon hauhawar farashi tun daga Janairun 2009. Kuma dokar ta shafi inshorar rukuni ta wuraren aiki masu ma'aikata fiye da 50, da tsarin lafiya na ma'aikatan jiha. Wanda ya sayi inshora da kansa, da wanda ke aiki a ƙaramin kamfani, babu su a ciki.

Bayan waɗannan, dokar ta bar wa kamfanoni duk kayan aikinsu na yau da kullum: tilasta amfani da ma'aikatan da ke cikin jerinsu, duba ko jinyar dole ce a likitance, da ƙin biyan aikin da ɗan gida ya yi. Wannan sakin layi bai ja hankali ba a 2007, amma a nan yawancin rigingimun baya suka taso.

Wace irin inshora ce a hannunka

Tambayar da ke yanke komai ba a cikin dokar jihar take ba. A Amurka inshorar wurin aiki iri biyu ce. A ta farko, kamfanin da mutum ke wa aiki yana sayen inshora daga kamfanin inshora, yana zuba kuɗi duk wata, shi kuma kamfanin inshora ya ɗauki asarar idan kuɗin jinya ya yi yawa. Mu kira ta inshorar saye. A ta biyu, wurin aikin ne ke biyan kuɗin jinyar ma'aikatansa daga asusunsa, sai ya ɗauki hayar kamfanin inshora don ya riƙa karɓar takardu da lissafi kawai. Mu kira ta inshorar asusun gida. Dokar tarayya ta ERISA ta 1974, mai tsara haƙƙoƙin ma'aikata irin su fansho da inshorar lafiya, ta cire irin wannan ta biyun daga hannun jihohi. Dokar Ryan ba ta taɓa ta, komai girman kamfanin, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 na ma'aikatan Amurka masu inshorar wurin aiki a irin wannan tsari suke. Manyan kamfanoni, waɗanda mutum zai zaci su dokar ta fi nufi, su ne suka fi yin sa.

Abin da ke ruɗa iyaye shi ne katin iri ɗaya ne. Tambarin kamfanin inshora ɗaya zai bayyana a katin maƙwabta biyu, ɗaya dokar ta rufe shi, ɗaya ba ta rufe shi ba. Ma'aikacin da ke amsa wayar kamfanin inshora ma sau da yawa ba ya bambancewa. Hanyar da ba ta kuskure ita ce a rubuta wa ofishin kula da ma'aikata takarda, a tambayi wanda ke ɗaukar asarar kuɗin jinya, a kuma nemi cikakkiyar takardar tsarin. A ƙarƙashin ERISA dole mai kula da tsarin ya ba da ita cikin kwana 30 da samun buƙata a rubuce, kuma kotu na iya cin sa tarar har dala 110 a kowace rana ta jinkiri. A tambayi kuma jihar da aka ƙulla yarjejeniyar. Mutumin da ke zaune a Columbia, babban birnin jihar, amma hedikwatar kamfaninsa tana wata jiha, galibi dokar waccan jihar ce ke aiki a kansa.

Idan aka cire masu asusun gida, aka cire ƙananan kamfanoni, aka cire masu sayen kansu, aka cire yaran da ke kan Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, abin da ya rage wa Dokar Ryan tsiraru ne daga cikin yaran jihar.

Shekara 8, shekara 16, da dala 50,000

A ganinmu sharaɗin shekara 8 shi ne mafi muni a cikin huɗun. An kafa shi ne bisa tunanin cewa horon wuri ya fi amfani, kuma haka ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a tantance kowane yaro yana da wata 18 da wata 24, kuma matsakaicin lokacin da ake gano lalurar a ƙasar yana wajen shekara 4. Amma su wane ne ake ganowa a makare? Yaran da ke magana sosai, waɗanda matsalarsu ba ta fitowa fili sai zaman aji ya yi tsauri. 'Yan mata, da suka fi iya ɓoye alamun. Yaran karkara da ke jiran layin gwaji wata da watanni. Da yaran da aka fara yi wa wani lakabi, kamar rashin natsuwa, aka ɓata shekaru a kai. Yaron da aka gano yana da shekara 9 ya rasa haƙƙinsa a wannan doka har abada, alhali jinkirin ba daga gare shi ba ne, ba kuma daga iyayensa ba.

Akwai wani tarko a nan. Makaranta na iya tantance yaro ta sa shi a rukunin masu galahanga don ba shi taimakon aji, iyaye su ɗauka an gama. Kamfanin inshora ba ya karɓar wannan. Yana son rahoton likita ko masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi, da kwanan wata, da ma'aunin da aka bi, sau da yawa har da sunan gwajin, kamar ADOS. Iyalin da ya dogara da takardar makaranta tun yaro na shekara 5, bai je asibiti ba sai yana da 9, zai iya faɗawa wajen dokar duk da cewa kowa ya san halin yaron tun tuni.

Shekara 16 kuma tana yanke taimako daidai lokacin balaga, lokacin da jiki ya yi ƙarfi, fushin da ake iya riƙewa a ɗan shekara 6 ya zama haɗari ga uwa, kuma ake bukatar koyon hawa mota, riƙe kuɗi da tsaftar jiki. Bincike a kan jihohi masu irin wannan iyaka ya nuna amfani da hidimomin yana faɗuwa da zarar yaro ya ƙetare shekarar.

Rufin kuɗi kuwa lissafi ne mai sauƙi. Ƙa'idojin masu sana'ar sun raba horon gida biyu: cikakke, awa 30 zuwa 40 a mako, da taƙaitacce mai nufin wasu ƙwarewa kaɗan, awa 10 zuwa 25. Awa 30 a mako na tsawon mako 50 awa 1,500 ke nan. A raba dala 50,000 da wannan, kowace awa ta samu kimanin dala 33. Idan awa 40 ce, dala 25. Daga ciki za a biya ma'aikacin da ke zama da yaro, da ƙwararren da ke sa masa ido, da tantancewa, da horar da iyaye, da haya da mai. Don haka rufin ya wadatar da taƙaitaccen horo, amma cikakken shiri yakan cinye shi kafin shekara ta ƙare. Cibiyoyi sukan rage awoyi tun farko don kuɗin ya kai Disamba, ko su tsaya a kaka, yaro ya zauna a gida har Janairu.

Takardar tsarin jinya

Ga wanda ya tsallake duk waɗannan ƙofofi, abin da ke kawo kuɗi ko ya hana shi takarda ɗaya ce. Dokar ta lissafa abin da za ta ƙunsa: sunan lalurar da aka gano, nau'in jinyar da ake nema, sau nawa, tsawon wane lokaci, sakamakon da ake fata a rubuce a matsayin manufofi, sau nawa za a sabunta tsarin, da sa hannun likitan da ke kula da yaron. Kamfani na da damar neman sabon tsari sau ɗaya a wata 6, sai dai idan shi da likitan sun yarda halin yaron ya canza.

A aikace matakan haka suke. Likita ya rubuta takardar tura yaro. Cibiyar horo ta nemi izinin tantancewa daga kamfani. Ƙwararre mai shaidar BCBA, wato shaidar ƙwarewa a horon ɗabi'a, ya zauna da yaro da iyaye, ya auna abin da yaro ke iyawa, ya gano abin da ke tunzura ɗabi'un da ake son ragewa, ya rubuta tsari. Likita ya sa hannu. Sannan a nemi izinin fara horo, wanda yawanci na wata 6 ne. Tun Janairun 2019 ana neman kuɗi da lambobin aiki daga 97151 zuwa 97158, kowace a ma'aunin minti 15. Lamba 97151 ta tantancewa ce, 97153 ta zaman ma'aikaci da yaro, 97155 ta ƙwararre yana gyara tsarin, 97156 ta horar da iyaye. Awa 25 a mako ma'auni 100 ke nan, a mako 26 kuma 2,600. Cibiyar da ta yi kuskuren wannan lissafi ta nemi ƙasa da haka, izininta zai ƙare kafin lokaci, kuma ba kasafai ake biyan aikin da aka yi ba tare da izini ba.

Yawancin ƙin biya a wannan mataki daga rubutun manufofi yake fitowa. Manufa irin "zai inganta mu'amala" ba ta aunuwa, mai duba takarda zai mayar da ita. Wadda ke wucewa ita ce mai farawa da inda yaro yake yanzu, ta faɗi inda ake son ya kai da yadda za a gane ya kai: yanzu yana neman abu da kalma sau 2 cikin dama 10, ana son ya kai 8 cikin 10, da mutum biyu daban, a wuri biyu daban, cikin wata 6. Manufar da ta yi kama da darasin aji, kamar haɗa lambobi ko rubuta haruffa, tana buɗe wa kamfani tsohuwar ƙofar "aikin makaranta ne". Dole a ɗaure kowace manufa da alamar lalurar: sadarwa, mu'amala, maimaita ɗabi'a, ko cutar da kai.

Lokacin sabuntawa yana da nasa matsi. Idan jadawalin ya nuna yaro ya ci gaba sosai, kamfani zai ce a rage awoyi. Idan bai nuna ci gaba ba, zai ce horon ba ya aiki. Maganin shi ne rahoton ya bayyana dalilin kowane tsaiko, ko rashin lafiya ne, ko canjin ma'aikaci, ko ƙaura, ya faɗi abin da aka canza a tsarin, ya kuma ƙunshi shirin rage awoyi a hankali da sharuɗɗan sallama. Kamfanoni suna kuma kwatanta awoyin da suka amince da su da waɗanda aka yi. Idan an ba da 30 aka yi 18 saboda babu ma'aikaci, zagaye na gaba 18 za a bayar, sai dai idan an rubuta dalilin a fili. A miƙa takardun sabuntawa mako 3 ko 4 kafin izini ya ƙare.

Idan an ƙi biya

Kada a tsaya a maganar waya. A nemi ƙin a rubuce, da dalilinsa, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, duk haƙƙin mai inshora ne kuma kyauta. Daga nan likita ko ƙwararren ya nemi magana kai tsaye da likitan kamfanin, abin da kan warware matsala cikin kwanaki idan ƙarancin bayani ne ya jawo ta. Idan bai yi ba, ƙa'idar tarayya ta ba da kwana 180 don ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin. Kamfani zai amsa cikin kwana 30 idan ba a yi aikin ba tukuna, 60 idan an riga an yi, awa 72 idan gaggawa ce. Bayan nan akwai duba na waje, inda wata hukuma mai zaman kanta ke yanke hukunci cikin kwana 45, kuma hukuncin ya zama dole a kan kamfani. Ana da wata 4 don neman sa.

Inda ake kai koke ya danganta da irin inshorar. Mai inshorar saye ya nufi Hukumar Inshora ta jihar. Mai asusun gida ya nufi sashen kula da haƙƙoƙin ma'aikata na Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya. Mai asusun gida yana da wata ƙofa da iyaye kan manta: tunda kuɗin na wurin aikinsa ne, wurin aikin na iya ƙara wannan jinya cikin tsarin da kansa, kuma kamfanoni da yawa sun yi haka bayan ma'aikatansu sun nema.

Dokokin tarayya sun cim mata

Wata uku bayan Dokar Ryan ta fara aiki, a Oktoban 2008, majalisar tarayya ta zartar da dokar daidaita lafiyar ƙwaƙwalwa da ta jiki. Ba ta tilasta wa kowa biyan jinyar ƙwaƙwalwa ba. Abin da ta ce shi ne idan tsari yana biya, ba zai sa mata iyakar da ta fi ta ciwon jiki tsauri ba. Ta shafi wuraren aiki masu fiye da ma'aikata 50, wato rukunin da Dokar Ryan ta shafa, har da masu asusun gida da ita ba ta kai gare su ba. Daga nan rufin dala 50,000 da iyakar shekaru suka shiga shakku, domin babu irinsu a kan ciwon suga ko asma. Tsarin ma'aikatan jihar ya cire iyakar shekaru da ta kuɗi a 2015.

Kotuna sun bi wannan hanya. A 2014 kotun tarayya a Oregon ta yanke cewa kamfanin inshora na Providence Health Plan ya saɓa doka da ya ƙi biyan ABA bisa sharaɗin "matsalolin tasowa". A 2021 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta yanke irin wannan hukunci a kan United Behavioral Health, a tsarin asusun gida da ke ɗaukar galahanga amma ya cire ABA. A 2024 hukumomin tarayya sun fitar da ƙa'idar da ta fayyace cewa galahanga tana cikin lalurorin da dokar daidaito ta rufe, sai dai a Mayun 2025 sun sanar cewa sun dakatar da tilasta sababbin sassan ƙa'idar. Ita dokar ta 2008 tana nan daram.

Dokar lafiya ta 2010, wadda ake kira Obamacare, ta hana ƙin mutum saboda ciwon da ya zo da shi, ta kuma sa koyar da sabuwar ƙwarewa cikin hidimomin dole na ƙananan kamfanoni da masu sayen kansu. Amma ta zo da sharaɗin da ya ɗaure hannun jihohi: duk sabon wajibcin da jiha ta ƙara bayan 31 ga Disamban 2011 wanda ya wuce hidimomin dole, ita za ta biya kuɗinsa daga baitulmalinta. A 2007 faɗaɗa dokar zuwa ƙananan kamfanoni magana ce tsakanin majalisa da kamfanonin inshora. Bayan 2011 ta zama maganar kasafin kuɗin jiha, kuma hakan ya sa ta fi wuya. A ɓangaren gwamnati, a Yulin 2014 hukumar Medicaid ta tarayya ta sanar da jihohi cewa dole su biya jinyar galahanga da likita ya tabbatar ga 'yan ƙasa da shekara 21. Karolina ta Kudu tana da hanyar shiga Medicaid da ake kira TEFRA, wadda ke duba halin yaron ba kuɗin shigar iyayensa ba, kuma iyalai da dama suna riƙe ta a matsayin inshora ta biyu don ta ɗauki abin da ta farko ta bari.

Me aka samu

Tsoron Gwamna Sanford na tashin kuɗin inshora bai tabbata ba a yadda aka zata. Jihar Misuri, da ta yi tata dokar a 2010 ta kuma wajabta wa hukumar inshorarta fitar da rahoto duk shekara, ta samu cewa kuɗin galahanga bai kai ko kusa da kashi 1 cikin 100 na duk kuɗin jinyar da aka biya ba. Sai dai wani ɓangare na wannan arha daga ƙarancin masu cin moriyar ne. Wani mai bincike, David Mandell, da abokan aikinsa sun duba bayanan manyan kamfanonin inshora uku, suka wallafa a 2016 cewa dokokin sun ƙara yawan yaran da ake yi wa jinya da kimanin kashi 10 cikin 100 a shekarar farko, zuwa 18 bayan wasu shekaru. Amma ko bayan ƙarin, yaran da ke samun jinya ba su kai 2 cikin 1,000 ba, nesa ƙwarai da ƙiyasin yawan yara masu galahanga na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Ƙiyasin nan kuwa hawa yake: yaro 1 cikin 150 a rahoton 2007, 1 cikin 68 a 2014, 1 cikin 36 a 2023, 1 cikin 31 a 2025.

Babban dalilin giɓin shi ne doka ba ta haifar da ma'aikaci. Iyali na iya riƙe izinin awa 30 a hannu, babu cibiya a jerin kamfanin cikin tafiyar awa ɗaya, ko akwai amma layin jira ya kai watanni. A irin wannan hali a nemi kamfani ya ƙulla yarjejeniyar yaro ɗaya da cibiyar da ba ta cikin jerinsa, a farashin cikin jeri, a haɗa da sunayen cibiyoyin da aka kira da ranakun da amsar kowace. Ma'aikatan da ke zama da yara, masu shaidar RBT da aka fito da ita a 2014, horon awa 40 ake bukata gare su, kuma mafi ƙarancin sa idon ƙwararre kashi 5 cikin 100 ne na awoyinsu. Albashinsu ƙarami ne, suna yawan barin aiki, yaron da ya fi kowa bukatar sabo sai ya riƙa ganin sabuwar fuska.

Kuɗin da dokokin suka buɗe ya kuma jawo masu zuba jari. Kamfanin Blackstone ya sayi CARD, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin horon ABA na ƙasar, a 2018, kuma a 2023 cibiyar ta shiga kotun fatara bayan ta rufe rassa da yawa. Inda ake biya bisa awa, akwai jarabar rubuta wa kowane yaro awa 40. Hujjar ilimi ba ta goyi bayan haka ga kowa ba. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitanci, ta yi a 2018 ta samu alamun amfani a horon wuri mai yawan awoyi, amma ta ce ƙarfin hujjar rauni gare shi saboda binciken ƙanana ne. Manya masu galahanga da dama, ta bakin ƙungiyoyinsu, suna sukar irin horon da ke tilasta haɗa ido ko hana kaɗa hannu don yaro ya yi kama da sauran, kuma wannan suka tana da tushe. Dokar Ryan ba ta ce ABA kaɗai ba, ta ce jinyar da likita ya rubuta, don haka likitan magana da mai koyar da ayyukan hannu da na yau da kullum suna ciki. Iyaye suna da haƙƙin ganin jadawalin ci gaba duk wata, su tambayi dalilin kowace manufa, su nemi a cire wadda ba ta ƙara wa yaron sadarwa, aminci ko dogaro da kai, su kuma nemi a rage awoyi idan ɗan shekara 3 ya daina samun lokacin barcin rana da wasa.